Kwabon Sansani Mai Huji Biyu

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina sakataren ƙungiyar masu tara tsofaffin kuɗi ta garinmu, a nan arewacin Queensland, kuma in aka ce in faɗi abin da muka tsinana wa duniya a tsawon nan, sai in ce mun sha shayi da yawa. Mu goma sha huɗu ne, ba wanda bai haura sittin ba. Duk Asabar ɗin farko ta wata mukan haɗu da ƙarfe biyu na rana a zauren bayan coci. Fanka na juya iska mai zafi, warin rake daga injin sukari na shigowa ta taga, mu kuwa mun sunkuya a kan tebur da fararen safar hannu kamar masu tiyata, muna leƙen kwabban da ko burodi ba za su sayo ba.

Aƙidarmu ba ta da wuyar ganewa. Kuɗin da aka buga daidai, ba mu da lokacinsa. Wanda inji ya karkatar, ko ya tsaga, ko ya daka sau biyu, shi ne ɗan gata. In kuwa a lokacin yaƙin duniya na biyu aka yi ɓarnar, to, tsuntsu daga sama gasasshe. Merv Hoolihan yana da wani kwabo da aka bugo mana a Bombay cikin yaƙi, da 'yar tsaga a ƙarƙashin wutsiyar kangarun da aka zana a jikinsa. Ya fi son tsagar nan da 'ya'yansa uku, kodayake wanda ya san 'ya'yan ba zai ga laifinsa sosai ba.

Sai dai akwai sharaɗi. Dole inji ne ya yi ɓarnar. In hannun mutum ne ya taɓa kuɗin, da ƙusa ko da zarto ko da wuta, sunansa lalatacce, kuma ba ya shiga akwatin nuni. Wannan ita ce doka ta bakwai a kundinmu. Ni na rubuta ta da hannuna, ni Wal Petherick, tsohon mai gyaran agogo, kuma na daɗe ina alfahari da yadda na tsara ta.

A shekarar da nake magana, ɗakin karatu na gari ya ba mu aron akwatin gilashi na wata guda, a daidai bakin ƙofa, don tunawa da ƙarshen yaƙi. Kowane kuɗi da katinsa a gefe: mene ne shi, wace shekara, daga hannun wa ya fito. Shugabanmu Bevan Quilty, tsohon dillalin gidaje, ya ɗauki abin da zafi kamar an ba shi mulkin jiha. Har a jaridar gari ya sa aka buga cewa duk mai tsohon kuɗin yaƙi ya kawo mu duba.

Abin da ya kawo mana Nerina Menegon ke nan. Duk gari Zia ake ce mata, wato gwaggo da bakin mutanensu, har waɗanda ba su da ɗigon jinin Italiya. Ta haura tamanin, ta yi shekara arba'in tana ɗinka rigunan amare, rabin matan 'yan ƙungiyarmu a cikin ɗinkinta aka ɗaura musu aure. Ubanta Ottavio ya zo ƙasar nan yana saurayi, ya sari rake har ya sayi 'yar gonarsa. A 1942 aka zo aka tafi da shi tare da sauran Italiyawa, don ƙasarsu ta haihuwa na yaƙi da tamu, aka zuba su a jirgin ƙasa zuwa wani sansani can kudu, ya yi kusan shekara biyu a tsare a bayan waya mai ƙaya. Ba a taɓa faɗa masa laifinsa ba. A tsakiyar garinmu akwai dutse mai sunayen waɗanda suka tafi yaƙi. Waɗanda aka kwashe kuwa ba su da ko allo, kuma Zia ta cinye takalma tana zirga-zirga ofis-ofis a kan haka, kowa na ce mata za a duba.

Ta shigo da sandarta, ba ta zauna ba, ta nufo teburina.

"Wal, an ce kuna rubuta sunan mai abu a kati."

"Muna rubutawa, Zia."

"Da manyan baƙaƙe? Idona ya fara tafiya. Likita ya ce baɗi war haka ko allon kanti ba zan karanta ba. Ina so in ga sunan babana a wurin da mutanen garin nan ke wucewa, kafin fitilar ta mutu."

Ta kwance wani hankici, ta ajiye kwabon tagulla a kan koren ƙyallena. Na gane shi tun kafin ya gama kwanciya. A sansanonin nan ba a barin fursuna ya riƙe kuɗin gaske, don kada ya sayi mai gadi ko tikitin jirgi. Sai aka buga musu nasu na daban, mai huji a tsakiya, wanda ba ya cin komai a wajen waya. Haramun ne a fita da shi, kuma da aka gama yaƙi aka tattara aka narke. Shi ya sa kaɗan suka tsira, shi ya sa kuma muke zubar da yawu a kansu. Wahalar wasu ce ta zama mana kayan marmari, ba kuma mu taɓa jin kunyar hakan ba.

Amma na Zia huji biyu gare shi. Ga na tsakiya, ga wani ƙarami a gefensa, zagayayye tsaf.

Bevan ya ture ni ya sunkuya. Na ga wuyansa ya yi ja. Ya ce a duk littattafan da ya karanta, waɗanda ni na san ba su wuce biyu ba, bai taɓa ganin irinsa ba. Inji ne ya daka sau biyu, in ji shi, a wata masana'anta a Melbourne, ma'aikata sun gaji, yaƙi ya matso. Kafin a zuba shayi har ya raɗa masa suna: Nau'in Quilty. Ita Zia ko tambayarta ba a yi ba. Aka ba ta kujera da kek mai kwakwa, aka bar ta a gefe kamar wadda ta rako wani asibiti.

Washegari Bevan ya aika hoto ga wani dillali a Brisbane, Mista Sturrock, mutumin da ke buga littafin gwanjo mai sheƙi sau biyu a shekara. Amsa ta dawo a gajarce. In inji ne, kuɗin sabuwar mota. In hannu ne, kuɗin katan ɗin giya. Yana kuma buƙatar takarda daga wanda ya duba shi da madubin ƙara girma, kuma ya ji an ce a duk arewa ba idon da ya kai na Petherick. Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini daɗi har cikin ƙashi.

Na tafi da kwabon gida. Da safe na ɗora shi a tsohon teburin aikina, na kafa madubin da na yi shekara arba'in ina leƙa cikin agogo da shi. Minti biyu bai cika ba na gama. Inji in ya huda ƙarfe, yanka yake yi, bakin ya fito a miƙe. Wannan ƙaramin hujin turawa aka yi, ƙarfen ya ɗan kumbura ta baya, wani mai haƙuri ya goge kumburin a kan dutse har ya kwanta. Ɗan siririn ƙarfen da ke tsakanin hujin biyu kuwa ya yi sulɓi yana ƙyalli, irin sulɓin da zare ke bari in ya shekara yana gugar abu. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar riga ya san wannan.

Na je na sami Zia a barandarta tana tsinke wake. Ta dafa mini kofi irin nasu, wanda ke tsayar da gashin kai. Na tambaye ta ko ta san yadda aka yi hujin, sai ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta.

"Babana mana. Ai ba wanda ya tambaye ni."

Ranar da za a sake su, in ji ta, an ce kowa ya miƙa kuɗin sansani, kuma za a caje aljihu da takalmi da kalmasar wando. Ottavio ya samo ƙusa, ya huda kwabon, ya goge, ya tsinke maɓalli na uku a kwat ɗinsa ya ɗinka kwabon a gurbinsa. Sojan da ya caje shi ya zazzage masa aljihu duka, kwabon na ƙarƙashin hancinsa. Haka ya dawo gida da shi a ƙirji. Ita lokacin shekararta shida, ba ta ma gane shi ba, ta ɓuya a bayan uwarta, sai maɓallin ne ya jawo ta ta matso. Ya ci gaba da sa kwat ɗin duk sanyin safiya na lokacin saran rake har ya yage.

Na ce me ya sa ya ɗauki wannan kasada a kan kwabo ɗaya.

"Cewa ya yi wata rana za a ce ba a yi ba. Takarda tana ɓata, mutane suna mantuwa in mantuwar ta yi musu daɗi. Wannan kuwa gwamnati ce ta buga da injinta, ba ta da bakin musu."

Mutumin kirki a nan zai ajiye kofi ya ce zai je ya yi faɗa da doka ta bakwai. Ni kuwa sai na gyara zama na shiga yi mata bayanin dokar, dalla-dalla, kamar ba ni na haife ta ba. In aka ji hannu ne, kwabon ba zai shiga akwati ba, ba kati, ba suna. In ta yi shiru, sunan zai fito, ga kuma mota.

"Me zan yi da mota, ni da ban ganin hanya?"

"To ki bar motar, Zia. Sunan fa? Ki bar kaza cikin gashinta. Ba ƙarya za ki yi ba, shiru kawai."

Ta daɗe tana juya ƙwayar wake a hannu. Daga baya ta ce to, in dai sunan zai fito. Ni kuma na koma gida na rubuta wa Sturrock takarda mai santsi, irin wadda ba ta ce inji ne ba, ba ta kuma ce ba inji ba ne, amma duk mai son ya ji inji zai ji. Na sa hannu. Na gaya wa kaina don Zia na yi. Gaskiyar ita ce ina son in ga "W. Petherick ya tantance" a littafin nan mai sheƙi kafin in mutu. Kowa da sunan da yake wa yaƙi, nawa dai ya fi nata araha.

Asabar ɗin da za a tsara akwati, Sturrock da kansa ya hawo jirgi ya zo, da takalmi mai ƙyalli da turaren da ya danne warin rake. 'Yan ƙungiya suka yi ado kamar ranar biki. Merv har da lakataya a wuya, a zafin nan. Zia na zaune a gaba da jakarta a cinya.

Bevan ya miƙe ya yi jawabin kusan rabin awa a kan ma'aikatan Melbourne da bai taɓa gani ba, da injin da bai san kamarsa ba. Har hannu yake dakawa a tebur yana nuna yadda ƙarfen ya zame. Sannan ya ɗaga katin ya karanta: kwabon sansani, huji biyu daga kuskuren inji, Nau'in Quilty, daga kayan O. Menegon.

"O.?" in ji Zia. "Sunansa Ottavio."

"Katin ƙarami ne, Zia, ba wuri."

"Na ji naka ya samu wuri."

Wasu suka yi 'yar dariya cikin kofi. Da Bevan na da wayon kaza, da ya ce za a sake kati, magana ta mutu. Amma an taɓa shi a gaban baƙo daga Brisbane, sai ya juya wajen Sturrock yana murmushin dillalai, ya ce ai babbar sa'ar da aka yi ita ce mutanen nan ba su san abin da ke hannunsu ba. Da tsohon ya san darajarsa, ko kuma ya sa masa hannu, da an yi asara. Ai an san su, komai suka samu sai sun huda sun rataya a wuya. Allah dai ya tsare wannan daga hannunsu.

Na dubi Zia, na sha jinin jikina. Ta dafa sanda ta miƙe a hankali, ba ta ɗaga murya ba.

"Bevan, na ɗinka wa matarka rigar aure, na kuma ƙara mata faɗi ta wajen ciki ana saura sati biyu biki, ban taɓa gaya wa kowa dalili ba. To ka saurara. Injinka bai yi wannan hujin ba. Ubana ne ya yi, da ƙusa, a bayan waya, ya ɗinka shi maɓalli ya wuce da shi ta gaban soja. Hannunsa ne. Hannun da ka ce Allah ya tsare."

Sturrock ya jawo kwabon gabansa. Ya zaro madubinsa daga aljihu, ya juya kwabon ta baya, ya leƙa na ɗan ƙiftawar ido, ya ajiye. Saurin da ya yi ya nuna mini da ma shi ma zai gani, takardata kawai yake so ta tsaya masa in wani mai saye ya dawo da ƙorafi. Ya ciro ta daga jakarsa, ya ninke biyu, ya turo mini ta kan tebur da yatsa ɗaya. Sannan ya duba agogo ya tambayi ko akwai jirgin yamma.

Bevan kuwa tusa ta ƙare wa bodari, sai ya fake da kundi. Doka doka ce, in ji shi, ba shi ya rubuta ta ba, ga mai ita nan zaune. Merv, wanda ban taɓa zaton akwai komai a ƙirjinsa ba ban da tsagar Bombay, ya yi gyaran murya ya ce ko za a ɗaga ƙafa sau ɗaya, tunda dai labarin ya fi na inji daɗi. Aka taso masa. Wani ya ce in aka buɗe wannan ƙofa, gobe kowa zai kawo sulen da kakarsa ta huda. Wani ya ce mu masana ne, ba masu tara tarkace ba. Masana! Mutanen da mako uku suka yi suna sujada ga aikin ƙusa.

Aka ce a ɗaga hannu. Hannu biyu suka tashi mata, na Merv da na wata gwauruwa da ba ta cika magana ba. Nawa bai tashi ba. Na sunkuyar da kai ina riƙe da alƙalami kamar rubutu ya sha mini kai, don na san in na buɗe baki wani zai tambaye ni abin da madubina ya gani, da ranar da ya gani. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina mai alƙalamin nan ba.

Duk abin da aka ƙi a ƙungiyarmu, sai an shigar da shi a wani baƙin littafi kafin a mayar wa mai shi. Aikin sakatare ne. Sauran suka watse wajen tebur ɗin shayi, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki, ba don Ottavio ba, don motar da ta tashi. Na buɗe littafin na fara cikawa. Zia ta zo ta tsaya a kaina.

"Me ka rubuta? Karanta mini, ba na gani."

Na karanta mata: kwanan wata, kwabon sansani, tagulla. Na tsaya.

"Ci gaba."

"Lalatacce."

"Uhm. Wancan layin na ƙarshe fa, da ka bari fayau?"

Na ce wurin sanadi ne. Mukan rubuta ƙusa, ko wuta, ko zarto, abin da dai ya yi ɓarnar.

"Ƙusa ba ta huda komai ita kaɗai. Rubuta sunansa. Duka, ba O. ba. Da manyan baƙaƙe."

Na ce Zia, wannan fa layin masu ɓarna ne.

"Na ji. Akwai wuri ko babu?"

Akwai wuri. Na rubuta OTTAVIO MENEGON, har ya haura layin ya shiga gefen takarda. Ta miƙo hannu na ba ta madubina. Ta sunkuya har hancinta na kusan taɓa shafin, ta bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, leɓenta na motsi. Da ta kai ƙarshe ta koma farko ta sake bi. Sannan ta ajiye madubin, ta naɗe kwabonta a hankici, ta sa a jaka.

"Rubutunka na da kyau, Wal," in ji ta, ta fita.

Akwatin ya yi watansa a ɗakin karatu, da tsagar Merv a tsakiya. Idon Zia bai kai baɗin ba. Littafin yana cikin kabad a bayan zaure, ni kaɗai ke da makulli, ba kuma wanda ya taɓa neman ya gani. In ka cire dutsen kabarin Ottavio, a duk garin nan wurin kaɗai aka rubuta sunan mutumin, a gaban kalmar lalatacce, da hannuna.